Gashin Melanomar Cikin Ido: Yadda Ake Yinsa, Sakamakonsa da Matsalolin da Ke Biyo Baya

Melanomar cikin ido wani nau'in ciwon daji ne da ke tasowa daga ƙwayoyin halittar da ke samar da launi a cikin ƙwayar ido. A cikin ciwukan dajin da ke farawa daga cikin idon manya, ita ce ta fi yawa. A da, babban maganinta shi ne a cire idon gaba ɗaya. A yau yawancin masu ciwon gashi ake yi musu, wato a kashe ƙarin da haskoki masu ƙarfi da likitoci ke kira radiyeshon, a bar idon a mazauninsa.

Gashi yana kashe ƙarin a kusan ido 9 cikin 10, kuma wanda aka yi wa gashi yana rayuwa daidai da wanda aka cire wa ido. Sai dai ganin idon da aka gasa kan ragu a shekarun da ke biyo baya, kuma haɗarin yaɗuwar ciwon zuwa hanta yana nan ko da ƙarin ido ya mutu. Saboda haka jinyar ba ta ƙarewa ranar da aka sallami majiyyaci. Ido da hanta duka suna bukatar bibiya ta shekaru.

Mece ce melanomar cikin ido?

Bangon ƙwayar ido hawa uku ne. Na waje shi ne farin ido mai tauri. Na ciki shi ne tantanin gani, wanda ake kira ritina, shi ke karɓar haske ya aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ta jijiyar gani. A tsakaninsu akwai wata shimfiɗa mai launi cike da jijiyoyin jini. Wannan shimfiɗa ta tsakiya ta faro ne daga zoben nan mai launi da ake gani a baƙin ido, ta bi ta tsokar da ke riƙe da madubin ido, ta zagaya har bayan ido, inda ake kiranta koroid. Kusan melanoma 9 cikin 10 a koroid take fitowa, inda ba a ganinta sai da na'ura.

Ciwon ba shi da yawa. A Amurka kusan mutum 5 cikin miliyan ɗaya ke kamuwa da shi a shekara, yawanci masu shekaru kusan 60. Ya fi kama fararen fata, musamman masu shuɗin ido ko koren ido, kuma yana da ƙaranci sosai a baƙaƙen fata, ko da yake yana faruwa. Ɗigo-ɗigon launin ƙasa da yawancin baƙaƙen fata ke da su a farin ido kusa da baƙin ido launi ne na halitta, ba melanoma ba ne. Amma tabon da ke girma, ko ya tashi sama, ko ya canza launi, ya kamata likitan ido ya duba shi.

Yadda ake gano ta

Wasu majiyyatan kan zo da dushewar gani, ko walƙiya a cikin ido, ko baƙaƙen abubuwa masu yawo a gani, ko inuwa a gefe ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin uku ba su da wata alama, ana gano ƙarin ne a gwajin ido na yau da kullum. Ciwo ba ya cikin alamomin farko.

Likita zai ɗiga maganin buɗe baƙin ido ya duba bayan idon, sannan a yi sikanin ido don auna kaurin ƙarin da faɗinsa da milimita. Ana kuma ɗaukar hoton bayan ido da hoton sassan ritina. A hannun ƙwararru waɗannan gwaje-gwaje kan isa a tabbatar da ciwon ba tare da an yanki nama ba. Idan an ɗebi ƙwayoyin ƙarin da siririyar allura, yawanci don a san halinsu ne, ko masu saurin yaɗuwa ne ko a'a. Kafin a fara jinya ana ɗaukar hoton hanta da na ƙirji.

Dalilin da ya sa gashi ya maye gurbin cire ido

Shekaru da yawa likitoci sun yi ta muhawara ko barin ido mai ƙari a jiki yana gajarta rai. Amsar ta fito ne daga wani babban bincike da aka fi sani da COMS, wanda Cibiyar Lafiyar Ido ta Ƙasar Amurka ta ɗauki nauyinsa a asibitocin Amurka da Kanada. Daga 1987 zuwa 1998 an shigar da majiyyata 1,317 masu ƙari matsakaici, wato mai kaurin milimita 2.5 zuwa 10 da faɗin da bai wuce milimita 16 ba. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu aka cire musu ido, wasu aka yi musu gashi.

Bayan shekara 5, kashi 82 cikin 100 na waɗanda aka yi wa gashi suna raye, waɗanda aka cire wa ido kuma kashi 81. Bayan shekara 12 ma ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Tun daga nan gashi ya zama zaɓin farko ga ƙari ƙarami da matsakaici.

Wani sashe na binciken ya duba majiyyata 1,003 masu babban ƙari, ya gano cewa yin gashi kafin a cire ido bai ƙara tsawon rai ba. Shi ya sa aka daina yin hakan.

Gashi da faifai

Wannan ita ce hanyar da aka fi amfani da ita a duniya. Faifan wani ƙaramin ƙarfe ne mai lanƙwasa, bai fi marfin kwalba ba, wanda ake ɗinkewa a jikin farin ido ta waje, daidai saitin ƙarin. A Amurka an fi amfani da faifan zinare mai ɗauke da ƙwayoyin aidin-125, kowace kamar ƙwayar shinkafa. Zinaren yana tare hasken kada ya fita waje, ya tura shi cikin ido. A Turai an fi amfani da faifan ruteniyom-106, wanda likitan ido Peter Lommatzsch ya fara amfani da shi a Jamus ta Gabas a shekarun 1960. Haskensa ba ya shiga da nisa, don haka ya fi dacewa da ƙari marar kauri. Wasu cibiyoyin kuma suna amfani da faladiyom-103.

Tiyata biyu ake yi. A ta farko, bayan allurar barci ko ta kashe zafi, likita zai buɗe fatar da ta lulluɓe farin ido, ya gano iyakar ƙarin, ya ɗinke faifan da ya fi ƙarin faɗi da kamar milimita 2 ta kowane gefe. Wani lokaci sai an ɗaga ɗaya daga cikin tsokokin da ke juya ido kafin faifan ya zauna. Faifan kan yi kwana 3 zuwa 7, gwargwadon lissafin masanin radiyeshon, don ƙoƙon ƙarin ya samu adadin da ake so, yawanci kusan Gy 85 a ma'aunin radiyeshon. A tiyata ta biyu, wadda gajeriya ce, a cire faifan a mayar da tsokar.

A kwanakin da faifan ke jiki ana rufe idon, kuma ana taƙaita kusantar yara ƙanana da mata masu juna biyu. Da zarar an cire shi babu sauran radiyeshon a jikin majiyyaci. Zai iya ɗaukar jikoki, ya ci abinci kwano ɗaya da iyali, ya kwana ɗaki ɗaya da su ba tare da wata fargaba ba.

Gashi da furoton

A wannan hanya wata babbar na'ura ce ke harbo ƙananan ƙwayoyi masu suna furoton daga waje. Amfaninsu shi ne suna sauke yawancin ƙarfinsu a daidai zurfin da aka saita, su tsaya nan, don haka naman da ke bayan ƙarin yana tsira. An fara yi wa melanomar ido wannan gashi a Boston ta Amurka a 1975, a ƙarƙashin likitan ido Evangelos Gragoudas. Cibiyar Paul Scherrer ta Suwizalan ta fara a 1984, asibitin Clatterbridge na Ingila kuma a 1989.

Kafin gashin ana yin ƙaramar tiyata a ɗinke wasu ƙananan zobba na ƙarfen tantalom a farin ido, su zama alamar iyakar ƙarin. Bayan haka majiyyaci zai zauna a kujera, a riƙe kansa da abin rufe fuska, ya kafe ido a kan wata 'yar fitila. Gashin kansa kamar minti ɗaya ne, ba ya ciwo, kuma ana yinsa sau 4 ko 5 cikin mako guda. Zobban kan zauna a jiki, ba sa cutarwa. Furoton ya fi amfani ga ƙarin da ya matso jijiyar gani, inda faifai ba ya zama da kyau, da kuma wasu manyan ƙari.

Gashi da na'urar saiti

Inda babu furoton, wasu asibitoci suna amfani da na'urori irin su Gamma Knife da CyberKnife, waɗanda ke haɗa siraran haskoki daga kusurwoyi da yawa a kan wuri ɗaya. Ana yi sau ɗaya ko 'yan lokuta kaɗan. Suna kashe ƙarin da kyau, matsalolinsu kuma irin na sauran hanyoyin ne.

Idon da ya fi dacewa a cire

Ba kowane ido ne gashi zai amfana ba. Likita kan ba da shawarar cire ido idan ƙarin ya yi girma sosai, ko ya huda farin ido ya fita waje da yawa, ko ya kewaye jijiyar gani, ko kuma idon ya riga ya makance yana ciwo. Haka nan wanda ba zai iya dawowa asibiti a kai a kai ba, cire ido na iya fi masa kwanciyar hankali, domin ƙarin da ya farfaɗo ba a lura ba yana ƙara haɗarin yaɗuwa. Bayan 'yan makonni da cire ido ana sanya idon roba da aka yi wa launi irin na ɗayan, kuma yana ɗan motsi tare da shi.

Sakamakon gashi

Game da ƙarin: ba ya ɓacewa nan take. Yana motsewa ne sannu a hankali cikin watanni har shekaru, kuma sau da yawa yana barin tabo ko ɗan tudu da ya mutu. Nasara ita ce ya daina girma. A binciken COMS, kusan kashi 10 cikin 100 ne ƙarin ya sake girma cikin shekara 5. Manyan cibiyoyin furoton suna samun nasarar kashe ƙari da ta kai kusan kashi 95 cikin 100.

Game da idon: a wannan binciken, kusan ido 1 cikin 8 da aka gasa an cire shi daga baya cikin shekara 5. A shekarun farko dalilin da ya fi yawa shi ne sake girman ƙari, daga baya kuma ciwon da matsalolin gashi suka jawo.

Game da gani: nan ne majiyyata suka fi jin takaici idan ba a yi musu bayani tun farko ba. Shekara 3 bayan gashi da faifai, kashi 43 cikin 100 na majiyyatan COMS ganinsu a idon da aka gasa ya koma 6/60 ko ƙasa da haka, wato ba sa iya karanta komai a allon gwajin ido sai babban harafin sama. Waɗannan alƙaluma na zamanin da ba a fara allurar cikin ido ba ne, kuma a yau ana iya ceto gani fiye da da. Abin da ya fi nuna yadda gani zai kasance shi ne kaurin ƙarin, da kusancinsa da tsakiyar ritina ko jijiyar gani, da ko majiyyaci yana da ciwon suga, da yadda ganin yake kafin jinya. Ko gani ya ragu, yawancin mutane suna riƙe ganin gefe, wanda ke taimakawa wajen tafiya da tsallaka titi. Ɗaya idon kuma gashin ba ya taɓa shi.

Matsalolin farko

A makonnin farko ido kan yi ja, ya kumbura, ya riƙa hawaye da jin kamar akwai yashi a ciki. Maganin ɗigawa da na ciwo kan wadatar. Wasu kan ga abu biyu-biyu saboda tsokar da aka taɓa, yawanci kuma yana gyaruwa da kansa, in ya ƙi a gyara da tabarau na musamman ko tiyata. Ruwa na iya taruwa a ƙarƙashin ritina ya ɗaga ta na ɗan lokaci. Bayan furoton, idan hasken ya bi ta fatar ido, fatar na iya yin ja kamar ƙuna, sumar bakin fatar ta zube, ido ya riƙa bushewa.

Matsalolin da ke zuwa daga baya

Lalacewar ritina ita ce babbar hanyar da gani ke raguwa. Radiyeshon yana lahanta bangon ƙananan jijiyoyin jini, wasu su toshe, wasu su riƙa yoyo, kamar yadda ciwon suga ke yi wa ido. Yawanci tana bayyana tsakanin wata 6 da shekara 3. Idan ruwa ya taru a tsakiyar ritina, rubutu kan dushe, miƙaƙƙen layi ya zama karkatacce. Hoton sassan ritina yana nuna kumburin tun kafin majiyyaci ya lura. Maganinsa allura ce a cikin ido, irin su bebasizumab, ranibizumab ko aflibasef, waɗanda ke rage yoyon, ko kuma maganin sitiroid. Ana maimaita allurar duk wata ɗaya zuwa uku, wani lokaci shekaru da yawa, kuma kumburin kan dawo idan aka daina da wuri. Wasu cibiyoyin suna fara allurar tun kafin matsala ta bayyana.

Lalacewar jijiyar gani tana faruwa idan ƙarin yana kusa da ita. Gani na iya faɗuwa cikin 'yan kwanaki ko makonni ba tare da ciwo ba. Ana gwada allurai iri ɗaya da na ritina, amma ganin da ya tafi ta wannan hanya ba kasafai yake dawowa duka ba.

Yanar ido tana da yawa, domin madubin ido ba ya jure radiyeshon. A binciken COMS kashi 83 cikin 100 sun samu yana cikin shekara 5. Ana cire ta da tiyatar yana ta asibiti bayan an tabbatar ƙarin ya mutu, kuma gani yana ƙaruwa gwargwadon lafiyar ritina. Kada a kai irin wannan ido wurin masu ture yana da tsinke a gargajiyance. Aikin nasu yana makantar da ido mai lafiya ma, balle wanda aka gasa.

Hawan jinin ido mai tsiro da sababbin jijiyoyi shi ne matsalar da ta fi tsanani. Ritinar da jini ya daina isa gare ta tana fitar da sinadarin da ke sa wasu raunanan jijiyoyi su tsiro a gaban ido, su toshe magudanar ruwan ido. Sai matsin ido ya hau, ido ya yi ja, ya yi ciwo mai tsanani har da ciwon kai da amai. Ya fi faruwa bayan gashin babban ƙari. Idan an kama shi da wuri ana magance shi da allurar cikin ido, da leza, da maganin rage matsi, wani lokaci da tiyata. Idan aka makara shi ke sa a cire idon da aka yi wahalar cetowa.

Zubar jini cikin ido na iya sa gani ya rufe farat ɗaya kamar hayaƙi. Ƙarami kan washe da kansa, mai yawa sai tiyata. Akwai kuma sirancewar farin ido a wurin da faifai ya zauna, amma wannan ba shi da yawa.

Batun hanta

Melanomar cikin ido ta jini take yaɗuwa, kuma a kusan mutum 9 cikin 10 da ta yaɗu a jikinsu, hanta take kamawa. Ƙwayoyin ciwon kan fita daga ido tun kafin a gano ƙarin, su kwanta shiru shekaru. Wannan ne ya sa cire ido bai fi gashi ba wajen tsawon rai. Idan aka bi majiyyata shekaru masu yawa, ciwon kan yaɗu a kusan rabinsu, amma haɗarin ya bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum. Yana da ƙanƙanta ga ƙaramin ƙari da ƙarin da ke zoben baƙin ido. Yana da yawa ga babban ƙari, da wanda ya taɓa tsokar madubin ido, da wanda gwaji ya nuna ƙwayoyinsa sun rasa ɗaya daga cikin kuromosom biyu masu lamba 3 ko ƙwayar gado mai suna BAP1 ta lalace a cikinsu.

Ana bibiyar hanta da sikanin ko hoton MRI, yawanci duk wata 6 ga masu babban haɗari, duk shekara ga masu ƙarami. Gwajin jinin hanta shi kaɗai bai isa ba, domin yakan makara. Idan an ga yaɗuwa da wuri, akwai yanke sashen hanta ga wasu, da magungunan da ake kai wa hantar kai tsaye ta jijiyarta. A 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da tebentafos, magani na farko da ya ƙara tsawon rai a wannan mataki: a gwajinsa kashi 73 cikin 100 suna raye bayan shekara ɗaya, waɗanda aka ba wasu magungunan kuma kashi 59. Yana aiki ne kawai ga masu wata alamar gado mai suna HLA-A*02:01, wadda ake gwadawa a jini.

Bibiya bayan jinya

Cibiyoyin da ke wannan gashi kaɗan ne, yawancinsu a Turai da Amurka da wasu ƙasashen Asiya irin su Indiya. Wanda ya yi tafiya don jinya, kada ya dawo gida sai da cikakken rahoto: nau'in gashin, adadinsa, ma'aunin ƙarin kafin jinya, hotunan bayan ido da sakamakon gwajin ƙwayoyin ƙarin in an yi. Da waɗannan ne likitan ritina na gida zai gane ko ƙarin yana motsewa ko yana girma. A shekarun farko ana duba ido duk wata 3 zuwa 6, daga baya duk wata 6 zuwa shekara, har tsawon rai.

Daidaita suga da hawan jini yana rage wa ritina lahani, haka ma barin taba. A kiyaye ɗaya idon da tabarau marar fashewa a wurin aiki da kan babur, a kuma riƙa duba shi duk shekara. Kada a ɗiga komai a idon da aka gasa sai abin da likita ya rubuta.

A garzaya asibiti a ranar, ba sai ranar da aka ba da ba, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- faɗuwar gani farat ɗaya, ko inuwa kamar labule a gefen gani
- ciwon ido mai tsanani da ja, musamman tare da ciwon kai ko amai
- mugunya ko kumburi mai ƙaruwa bayan tiyata ko bayan allurar ido
- baƙin tudu da ya fito a farin ido
- ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, shawara, rama ko rashin cin abinci ba dalili

Tambayoyin da ya kamata a yi wa likita kafin a zaɓi jinya

- Nawa ne kaurin ƙarin da faɗinsa, kuma milimita nawa ne tsakaninsa da jijiyar gani da tsakiyar ritina?
- Wane irin gani ake sa ran zai rage a idon bayan shekara 2 ko 3?
- Idan allurar cikin ido ta zama dole, a ina za a yi ta, sau nawa, kuma nawa ne kuɗinta?
- Za a gwada ƙwayoyin ƙarin don sanin haɗarin yaɗuwa?
- Wa zai riƙa duba hanta, da wane irin hoto, kuma duk wata nawa?

Yana da kyau majiyyaci ya je da wani daga cikin iyali da zai rubuta amsoshin. Mutum biyu masu ƙari iri ɗaya na iya zaɓa daban: wani ya zaɓi gashi don ya riƙe idonsa da ragowar ganinsa, wani ya zaɓi cire ido don ya huta da zirga-zirgar asibitin ido. Ga ƙari matsakaici, duka biyun ba su da bambanci wajen tsawon rai, kuma duka biyun suna bukatar bibiyar hanta.